Alhaji Umaru na Salaga: Malamin da Ya Rubuta Abin da Ya Gani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin sunan Gwanja, ko da a bakin tsofaffi ne sa'ad da ake maganar goro. Amma in ka tambayi yawancinmu inda Gwanjar take, da ƙyar a sami mai amsawa. Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau, babbar kasuwarta kuwa a zamanin da ita ce Salaga. Can ne ayarin Kano da na Katsina da na Sakkwato suke sauke kaya bayan tafiyar watanni. Cikin waɗanda suka bi wannan hanya akwai wani ɗan Kano da ya tafi bai ƙara komowa gida da zama ba, ya kuma zama malamin da ya fi kowa suna a zangunan ƙasar. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar. Mutanen Gwanja da na Dagwamba suna ce da shi Imam Imoru, bisa ga yadda harshensu yake furta sunan.

A zamaninsa ya ga yaƙin basasa ya cinye gari, ya ga Turawa sun raba ƙasa, ya ga annoba ta kwashe jama'a. Mutane da yawa sun ga waɗannan abubuwa kamar yadda ya gani. Abin da ya bambanta shi da su shi ne ya ɗauki alƙalami ya rubuta, da Larabci da kuma Hausa, bai kuwa ɓoye laifin mutanensa ba. Bari mu bi tarihinsa daga farko.

Hanyar Gwanja

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A kurmin Tonawa, watau mutanen Asante, ake samun irin da Hausawa suka fi so. Sarakunan Kumasi kuwa ba su yarda fataken arewa su shiga kurmi su saya da kansu ba, sai suka mai da Salaga mahaɗa. Tonawa su kawo goro daga kudu, Hausawa su kawo kanwa, da turkuɗi, da riguna, da jan fata, da dawaki, da shanu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan fatauci. Ayari ɗaya yakan tara ɗaruruwan mutane da jakuna a ƙarƙashin madugu. Babbar hanya takan haye Kwara ta bi ta Nikki da Zugu da Sansanne Mango, ta faɗa Yendi, gidan sarautar Dagwamba, sa'an nan Salaga. Wata kuma takan zaga ta arewa, ta ƙasar Gurma da Mosi, ta gangaro ta wajen Bawku da Gambaga. Ko'ina ayari ya saba sauka sai zango ya kafu, da masallaci da makarantar allo. Asalin unguwannin da ake kira zongo a Gana har yau ke nan.

Dole a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, har da mutane. Garin yana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan sashe, kuma a shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa, waɗanda Babatu ya shugabanta daga baya, suka cika kasuwar da waɗanda suka kamo a ƙasar Gurunsi. Arzikin garin da zaluncinsa tare suka girma.

A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Mutanen Gwanja, waɗanda suka yi fiye da shekara 100 suna ƙarƙashin Tonawa, suka ga dama ta samu, suka ƙi biyayya. Tonawa kuwa suka toshe hanyar goro, ciniki ya fara komawa Kintampo da waɗansu garuruwa. Saboda haka Salagar da Umaru ya sani gari ne mai suna da dukiya, amma ranarsa ta riga ta fara karkata.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi a Kano a wajejen 1858. Asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci ake jingina shi ga wurare uku: Kabi, Kano da Salaga. Mahaifinsa Abubakar malami ne kuma falke, yana bin hanyar Gwanja. Yaron ya yi karatun allo a Kano, sa'an nan ya shiga yawon neman ilmi a ƙasar Sakkwato da Gwandu da Kabi, yana kuma bin ayari tare da mahaifinsa. Makarantu biyu ke nan ya shiga lokaci ɗaya. A zaure ya koyi nahawu da fiƙihu da waƙoƙin Larabawa. A hanya kuwa ya koyi yadda ake ɗaure huhun goro, da yadda ake biyan kuɗin fito, da yadda madugu yake lallashin sarkin da zai bi ta ƙasarsa. Ba kasafai malami yakan haɗa biyun nan ba, kuma daga baya za mu ga amfanin haɗa su.

Littafinsa na farko da aka sani ya rubuta shi a 1877, yana saurayi. Sunansa As-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, watau itace mai ganye a kan sanin rubuta wasiƙa. Jagora ne ga mai son rubuta wa sarki, ko malami, ko abokin ciniki. Kada mai karatu ya raina wannan aiki. A zamanin da falke yake Salaga, iyalinsa suna Kano, mai binsa bashi kuma yana Yendi, wasiƙa ita ce igiyar da ta riƙe amana tsakaninsu. Littafin ya karɓu har daga baya aka buga shi a Alƙahira.

Ba shi ne ya fara kawo rubutu Gwanja ba. Malaman Wangarawa sun riga Hausawa zama a ƙasar, tun a tsakiyar ƙarni na 18 kuwa sun rubuta tarihin sarakunanta da Larabci, wanda ake kira Kitabu Ganja. Umaru ya tarar da wannan gado, ya zauna a Salaga, ya buɗe makaranta, almajirai suka fara taruwa.

Yaƙin Salaga na 1892

Salaga garin baƙi ne. Masu ƙasa suna Kpembe, ɗan ƙaramin gari kusa da ita, inda sarkin yankin, Kpembewura, yake zaune. A Gwanja da Dagwamba sarki a kan fata yake zama, saboda haka in an ce mutum ya hau fata, ya ci sarauta ke nan. Gidaje uku ne suke karɓa-karɓar fatar Kpembe: Lepo, Singbung da Kanyase. Mutanen Kanyase suka ga an daɗe ana tsallake su. A 1892, da aka naɗa Napo na gidan Lepo, sai Isifa na gidan Kanyase, mai riƙe da sarautar Kabachewura, ya ƙi yarda. Ya nemi taimakon mayaƙan Dagwamba da na Nanumba, suka zo, aka gwabza a ƙarshen shekarar. Isifa ya yi nasara ya hau fata.

Amma wace irin nasara? An washe Salaga. Fatake da malamai suka watse, waɗansu zuwa Yeji, waɗansu Kintampo, waɗansu Kete-Karaci a bakin kogin Volta. Isifa ya sami sarauta, kasuwar da take ciyar da sarautar kuwa ta tafi, ba ta kuma komo kamar da ba har yau.

Umaru yana cikin waɗanda suka ga wannan da idonsu. Bayan shekaru ya tsara doguwar waƙa da Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan, watau faɗakar da 'yan'uwa ta wurin ambaton abubuwan baƙin ciki. Abin lura a cikinta shi ne inda ya ɗora laifi. Da ya so, da ya ce baƙin mayaƙa ne suka hallaka garin, ya tsaya nan. Maimakon haka ya koma baya ya nuna yadda hali ya lalace tun kafin a harba kibiya: masu mulki suna zalunci, jama'a sun yi sakaci da addini, son duniya ya rufe ido. A ganinsa cutar tana cikin jiki tun da daɗewa, yaƙin alamarta ce da ta fito fili. Masana tarihin Gwanja na zamaninmu, irin su J. A. Braimah da Jack Goody waɗanda suka wallafa littafi a kan yaƙin a 1967, ba su iya wuce shaidar malaman zango irinsa ba.

Zuwan Turawa

Tun 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa yankin Salaga da Yendi ba na kowa ba ne cikinsu. Ba wanda ya tambayi masu ƙasa. Kafin nan ma waɗansu Turawa sun riga sun iso. Akwai wani Bajamushe, Gottlob Adolf Krause, wanda ya shiga Salaga a 1886, ya iya Hausa, mutane suna kiransa Malam Musa, yana tattara takardun ajami. Bafaranshe Binger ya ratsa garin a 1888. Waɗannan da takarda da alƙalami suka zo. Na bayansu suka zo da bindiga. A ƙarshen 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagwamba a Adibo, suka ƙone Yendi. A 1897 Faransawa suka kori Babatu, ya gudu ƙasar Dagwamba, a Yendi ya ƙare kwanakinsa. A 1899 aka raba ƙasar: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus, aka datse masarautar Dagwamba gida biyu. Bawku kuwa ta zauna a gefen Ingila, a kusurwar da mulkin Ingila da na Jamus da na Faransa suka haɗu.

A kan wannan al'amari Umaru ya yi waƙoƙi uku da suka shahara. Biyu da Larabci ne, Mashra'u Ma'il Khabar a 1899 da Nazmul La'ali a 1900. Ta uku da Hausa ce, wadda aka sani da Waƙar Nasara, a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. A cikinsu ya nuna yadda Turawa suka fara zuwa da lallami, suna cewa ciniki da zaman lafiya suka kawo, sa'an nan da suka kafu suka sake fuska. Ya jera garuruwa da sarakunan da aka ci, ɗaya bayan ɗaya, tun daga yamma inda aka kama Samori a 1898 har zuwa ƙasar Hausa da Barno. Mutumin da yake zaune a bakin Volta, ba rediyo ba jarida, ya san abin da ya faru a Damagaram da Nufe da Adamawa. Ta ina? Ta bakin fatake da wasiƙun malamai, gama zango ba ya rasa labari.

Duk da baƙin cikinsa, a waƙar Hausa bai ƙi faɗin abin da ya gani na sauƙi ba: hanyoyi sun yi lafiya, hare-hare sun ragu, matafiyi yana kai wa inda ya nufa. Waɗansu masu nazari sun ga wannan kamar sassauci ne na mutumin da yake zaune a ƙarƙashin tutar Jamus, dole ya iya bakinsa. Mai yiwuwa akwai wannan. Amma wanda ya tsira daga Salaga a 1892 ya san abin da rashin zaman lafiya yake nufi fiye da mai karanta shi a littafi. Ya ƙi mulkin baƙi, bai kuwa yi ƙaryar cewa zamanin da ya wuce aljanna ne ba.

Limamin Kete da Baturen da ya zauna koyo

A wajejen 1896 Umaru ya bar Salaga ya koma Kete-Karaci. Garuruwa biyu ne manne da juna. Karaci garin masu ƙasa ne, inda tsafin Dente yake, wanda ake zuwa masa daga nesa. Kete kuwa zangon Musulmi ne, wanda ya cika da gudun hijirar Salaga. Jamusawa sun kafa bariki a wurin tun 1894. Nan Umaru ya zama limami, nan kuma ya zauna har ƙarshen ransa.

Cikin Turawan da suka riƙe barikin akwai Adam Mischlich. Da fari ɗan mishan ne na ƙungiyar Basel, daga baya ya shiga aikin gwamnatin Jamus. Yana son ya iya Hausa sosai, sai ya nemi limamin. Abin da ya fito daga zaman mutanen nan biyu ba ƙarami ba ne. Mischlich ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ya kuma roƙi malamin ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take, Umaru ya zauna ya cika takardu masu yawa da ajami, cikin zube, ba waƙa ba.

A nan ne makarantar hanya ta yi amfani. Ya rubuta yadda ake noma da irin amfanin gona, da sana'o'i irin su saƙa da rini da jima da ƙira, da kasuwanci da fatauci, da aure da haihuwa da sarauta da bauta. Ya rubuta tarihin garuruwa, har da na Kabi ƙasar kakanninsa, da labarin jihadin Shehu Usmanu. Malamai da yawa na zamaninsa suna ganin irin waɗannan abubuwa ba su isa a ɓata musu tawada ba. Tawada ta fiƙihu ce da tauhidi da yabon Annabi. Wa zai zauna ya rubuta yadda marini yake haɗa baba? Umaru ya yi, shi ya sa duk mai son sanin yadda talakan Kano ya yi zamansa kafin 1903 ba shi da shaida da yawa da suka kai wannan.

A makaranta an koya mana cewa rubutun zube na Hausa ya fara ne da gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Gaskiya ne game da ƙagaggun labarai cikin boko. Amma wajen shekara 30 kafin wannan gasa, wani Bakano a bakin Volta ya riga ya rubuta zube mai yawa da Hausa tsantsa. Ya kamata a riƙa ambatonsa in ana lissafin magabata.

Wani Baturen da ya yi karatu a wurinsa shi ne R. S. Rattray, ma'aikacin gwamnatin Ingila, ɗan asalin Sikotilan. Ta hannunsa aka san cewa malamin ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, babban mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. Duk almajirin da ya taɓa fama da waɗannan waƙoƙi ya san wuyar Larabcinsu. Rattray ya buga wani sashe na aikin a 1934.

Bai kyale nasa ba

Waƙarsa ta Hausa da ta fi yaɗuwa ita ce ta Talauci da Wadata. A cikinta ya nuna yadda jama'a suke yi da matalauci: ko ya faɗi gaskiya ba a saurara, ko danginsa suna gudunsa, mai dukiya kuwa ko ya yi wauta sai a yaba. Ba Bature ya zarga a nan ba, ba kuma sarkin Kpembe ba. Mutanen zango ya ɗora wa madubi, waɗanda suke bin sa salla.

Haka kuma a 1904 zuwa 1905, da wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ratsa arewacin ƙasar da mabiyansa, jama'a suna rububinsa har ana danganta shi da Mahadi, Umaru ya yi waƙa ya ƙaryata shi. A lokacin mutane suna cikin ɗacin mulkin baƙi, suna marmarin mai ceto. Wanda ya tsaya ya ce wannan ba shi ba ne, ba zai yi farin jini ba. Ya dai faɗa.

Tunkuyau

A wajejen 1913 ya tafi aikin hajji. A can ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya daga hannun Alfa Hashim, malamin Futa da yake zaune a Madina. Ba da daɗewa ba duniya ta sake juyawa. Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, aka kori Jamusawa daga Togo, Kete-Karaci da Yendi suka koma hannun Ingila.

Sa'an nan annoba ta zo. A watan Agusta 1918 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila ya kawo wata muguwar mura Firitawun ta ƙasar Saliyo. Kafin watan ya ƙare wani jirgin ya kai ta gaɓar Gwalkwas, kamar yadda ake kiran Gana a lokacin. Ta shiga Kumasi a Satumba, ta bi hanyar fatake zuwa arewa, ta kai Salaga da Tamale a Nuwamba, kafin ƙarshen shekara ta kai iyakar ƙasar ta wajen Bawku. Hanyar da goro ya bi shekara da shekaru, ita cutar ta bi. Masanin tarihi K. David Patterson ya ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen 100,000 a ƙasar cikin wata shida. A duniya duka kuwa ana maganar miliyoyi masu yawa, waɗansu suna cewa miliyan 50.

A zango malami shi ne likita na farko. Wurinsa ake zuwa neman rubutu da addu'a da sassaƙe, malamai da yawa kuma suna da littattafan ɗibbu na Larabci a cikin gafakarsu. Amma wannan cuta ta fi ƙarfin kowa. Likitocin Turawa ma ba su san abin da yake kawo ta ba, gama sai a 1933 aka gano ƙwayar cutar a Landan. Abin da mai ilmi yake iya yi a irin wannan hali shi ne ya duba da kyau ya rubuta. Umaru ya tsara waƙa da Larabci, ya sa mata sunan da Hausawan wurin suka ba cutar, Tunkuyau. Duk Bahaushe zai ji tunkuyi a cikin sunan, kamar na rago: mutum yana tsaye sai a buge shi ya faɗi. A waƙar ya bayyana alamomin cutar da yadda take kama jiki. Rahotannin hukuma sun ba mu lissafin matattu. Waƙar kuwa tana cikin shaidu kaɗan da suka nuna yadda annobar ta kasance a idon waɗanda ta faɗa wa. Waɗanda suka ga shekarar 2020, da aka rufe masallatai da majami'u saboda korona, za su gane darajar irin wannan shaida.

Rasuwarsa da inda takardunsa suke

Alhaji Umaru ya rasu a Kete-Karaci a 1934, shekarar da aka buga babban ƙamus na Bargery, shekara biyu kuma bayan fitowar Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Almajiransa sun bazu cikin zangunan ƙasar, daga Kumasi har arewa, da yawa sun zama limamai da malamai. A 1957 yankin ya shiga sabuwar ƙasar Gana. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya malale tsohon garin Kete-Karaci, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Garin farko da ya zauna yaƙi ya watsa shi, na biyu ruwa ya cinye.

Takardun kuwa sun tsira. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta shiga tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malamai. Thomas Hodgkin da Ivor Wilks suna cikin jagororin aikin, Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo kuwa shi ne ya yi ta yawo gari gari yana aro ana ɗaukar hoto. Waƙoƙin Umaru da yawa ta haka aka adana su. Zuben da ya rubuta wa Mischlich kuwa ya tafi Turai. Douglas Ferguson ya juya babban sashensa zuwa Turanci a Amurka a 1973. Stanislaw Pilaszewicz na ƙasar Folan ya buga wani sashe a 2000. Ga abin mamaki: Bajamushe ya karanta shi, Ba'amurke ya karanta shi, mutumin Folan ya karanta shi, amma yaron Kano da ya gama sakandare da wuya ya taɓa jin sunansa, yaron zangon Kumasi kuma sau da yawa ba ya iya karanta ajamin da aka rubuta da harshen gidansu.

Abin da za mu ɗauka

Na farko ya shafi sarauta da zaman lafiya. Abin da ya sami Salaga a 1892 bai zama tarihi kawai ba. A 1994 yaƙi ya tashi tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja, ya taɓa Salaga da Yendi, hukuma ta lissafta matattu wajen 2,000. A watan Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani II a Yendi cikin rikicin gidajen sarauta biyu, sai a Janairu 2019 aka naɗa sabon sarki, bayan shekara 17. A Bawku jayayyar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wadda ta faro tun zamanin samun 'yanci, ta sake tashi a 2000 da 2008 da 2021, kowane tashi kuma kasuwa ce take fara mutuwa. Mu ma a Nijeriya mun san irin wannan. Wanda ya karanta labarin Isifa zai tambayi kansa, ina amfanin hawa fata a garin da ba kowa?

Na biyu ya shafe mu, mu masu bin Almasihu da muke karatu da sujada da Hausa. Harshen nan da muke waƙa da shi ran Lahadi, waɗanda suka fara rubuta shi da boko sun koye shi ne a gaban mutane irin su Alhaji Umaru. Tsohon ɗan mishan ya zauna a gaban limami yana tambaya, limamin bai kore shi ba, kowannensu kuma yana kan bangaskiyarsa. Ba mu ce zamansu ba shi da aibi ba, gama ɗaya mai mulki ne, ɗaya kuwa wanda ake mulka. Duk da haka sun bar abin da ake amfani da shi bayan shekara fiye da 100. A garuruwanmu da aka raba unguwanni bisa ga addini, wannan abin tunawa ne.

Na uku ya shafi alƙalami. A kowane gari akwai tsofaffin da suka ga yunwa da annoba da rikici, suka san yadda ake sana'o'in da suke ɓacewa. In sun tafi ba a rubuta ba, shi ke nan. Malamin makaranta, ko fasto, ko limami, ko ma'aikacin asibiti, kowa yana iya sayen littafin rubutu ya zauna da su. Alhaji Umaru bai jira a ba shi maɗaba'a ba. Da tawada da alƙalamin kara ya yi aikinsa, a garin da ba nasa ba, yana faɗin gaskiya ko a kan wa ta faɗa. Allah ya ba mu masu yin haka a zamaninmu.